Shin kuɗin da gwamnati ke zubawa a riga-kafi yana dawowa?

Tambaya: Likita, kullum sai mu ji an ware biliyoyi domin allurar riga-kafi da gidan sauro da maganin da ake bi gida-gida ana ba yara da damina. Alhali asibitin garinmu ko gadon kirki babu, taki kuma ya gagari manomi. Shin wannan kuɗi yana dawo wa ƙasa da wani abu, ko dai "riga-kafi ya fi magani" magana ce ta fatar baki? Kuma me ya sa sai gwamnati ce za ta biya, ba kowa ya sayi nasa ba?

Amsa: Malam, kuɗin yana dawowa. Sai dai yawancinsa ba baitulmali yake komawa ba, aljihun magidanta yake tsayawa, shi ya sa ba a ganinsa a takardar akanta. Kuma ba kowane irin riga-kafi ne ke dawo da kuɗinsa ba, wani ma asara ce tsagwaronta. Na yi shekaru a sashen lafiya matakin farko na ƙaramar hukuma kafin in koma ɓangaren tsara kasafi, don haka na ga lamarin ta gefen marar lafiya, na kuma gan shi ta gefen mai riƙe da jaka.

Bari in fara da wanda ke biya idan gwamnati ba ta biya ba. A Najeriya, cikin kowace naira 100 da ake kashewa kan lafiya, fiye da naira 70 daga aljihun marasa lafiya da danginsu take fita kai tsaye. Wannan adadi yana cikin mafi muni a duniya. Ga yadda yake kasancewa a ƙasa. Akwai wani magidanci da ba na mantawa, ya kawo ɗansa ɗan shekara uku cikin watan Agusta, marka ta zauna. Kwana huɗu yaron na zazzaɓi. An fara da sirop na kemis, aka yi allura biyu a can, aka haɗa da tofi. Ranar da ya fara taune-taune ne aka ɗauko shi a babur. Muka duba tafin hannunsa fari fat, jini ya ƙare, sai an tura shi babban asibiti an yi ƙari. Uban ya fita ya bar hularsa a kan benci, bai dawo ba sai la'asar, ya sayar da akuyar uwar yaron mai ciki a farashin da mai saye ya ga dama. Yaro ya rayu, alhamdu lillahi. Amma kwana tara uban ya yi yana kwana a barandar asibiti a daidai lokacin maimai, ciyawa ta cinye masa gero, uwar ta ajiye sana'ar ƙuli-ƙulinta, yayar yaron kuma ta bar makaranta tana riƙon gida. A lissafin gwamnati, wannan ciwo bai ci mata komai ba sai gado da ɗan lokacin ma'aikaci. A lissafin gidan, ya ci akuya da ɗan da ke cikinta, ya ci wani yanki na rumbu, ya bar bashi. To ka tuna Najeriya ce ke ɗauke da kusan kashi ɗaya bisa huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, da kusan kashi ɗaya bisa uku na masu mutuwa da shi, sannan ka ninka labarin wannan gida.

Maganin da ka ce ana bi gida-gida da shi, wannan ciwon aka nufa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da tsarin a 2012 domin ƙasashen Sahel, inda zazzaɓin ke taruwa cikin watanni kaɗan na damina. Ana ba yaro daga ɗan wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar, sau ɗaya a wata, kwana uku a jere, tun daga wajen Yuli har Oktoba. Ma'aikaciya ce ke ba da na ranar farko a gabanta, ta bar wa uwa na kwana biyu. Gwaje-gwaje sun nuna yana rage kamuwa da kusan kashi uku bisa huɗu a tsawon lokacin da ake shan sa, kuma duk ɗawainiyarsa, da magani da ladan masu rabawa da man mota, daloli ƙalilan ne kan kowane yaro a shekara. Bai kai kuɗin ledar jini ɗaya da gwaje-gwajenta ba. A cikin duk abin da gwamnati ke saye da sunan lafiya, da wuya ka sami mai araha da amfani kamarsa.

Amma misalin da na fi so in ba manomi shi ne kurkunu, domin duk wanda ya haura shekara arba'in a karkara ya san shi. Mutum ya sha ruwan tafki bana, sai baɗi tsutsar ta fito masa a ƙafa, kuma a arewa da damina take fitowa, daidai lokacin da ake buƙatar kowane hannu a gona. Ƙato ya kwanta wata guda ko biyu yana naɗe ta a tsinke. Da aka yi ƙidaya a faɗin ƙasar a ƙarshen shekarun 1980, an sami mutum fiye da 650,000 da ke fama da shi. Babu allurar riga-kafinsa, babu maganinsa. Da ƙyallen tace ruwa da rijiyar burtsatse da zuba magani a tafkuna da 'yan sa-kai na ƙauye aka yaƙe shi, tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter da Janar Yakubu Gowon suna matsa wa gwamnoni lamba. Mutum na ƙarshe an same shi a 2008, aka ba Najeriya shaidar rabuwa da cutar a 2013. Yau ba wanda zai nuna maka layi a kasafin kuɗi ya ce ga ribar kawar da kurkunu. Tana cikin buhunan da ake kaiwa Dawanau daga garuruwan da a da rabin majiya ƙarfinsu ke kwance a watan huɗa. Kai da ka kawo maganar taki, wannan ma taki ne, domin takin da aka raba wa mutumin da ke kwance ba ya zuba kansa.

Haka sanƙarau. A 1996 ya kama mutum fiye da 100,000 a arewacin Najeriya, ya kashe fiye da 11,000. Waɗanda suka tsira, da yawa sun tashi da kurumta ko taɓuwar ƙwaƙwalwa, sun zama ɗawainiyar dangi har ƙarshen rayuwa. Wani nazari a Burkina Faso ya gano gidan da sanƙarau ya shiga yana kashe kimanin dala 90 kan mutum ɗaya, wajen kashi ɗaya bisa uku na abin da ɗan ƙasar ke samu a shekara. Allurar da aka ƙirƙiro musamman domin yankinmu, wadda aka fara a Burkina Faso da Mali da Nijar a ƙarshen 2010, ba ta kai rabin dala ba, kuma nau'in sanƙarau da ke haddasa manyan annobar, wato nau'in A, kusan ya ɓace bayanta. Wani nau'in ne ya ɓarke a Zamfara da Sakkwato a 2017, shi ya sa a 2024 Najeriya ta zama ƙasar farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare nau'i biyar.

Yanzu ga ɓangare na biyu na tambayarka: me ya sa ba za a bar kowa ya sayi nasa ba? An gwada. A Kenya masu bincike sun raba gidan sauro ga mata masu zuwa awo, wasu asibitocin kyauta, wasu da ɗan farashi. Da farashin ya kai wajen santi 60 na dala, wanda ko kusa bai kai kuɗin gidan sauron na ainihi ba, masu karɓa suka ragu da fiye da rabi. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, waɗanda suka samu kyauta sun rataya nasu kamar yadda masu saye suka rataya, saɓanin maganar nan da muke yawan yi cewa abin banza ba ya daraja. A can Kenya ɗin, da aka sa ɗan kuɗi kan maganin tsutsar ciki na 'yan makaranta, masu sha suka faɗo daga kashi 75 zuwa ƙasa da 20. Wannan ba wauta ba ce. Mutumin da ke neman na cefanen yau ba zai cire kuɗi domin ciwon da wataƙila ya zo, wataƙila bai zo ba. Amma in ciwon ya zo, zai sayar da gonarsa. Kasuwa tana iya sayar da magani, ga kemis nan a kowane lungu, amma ba ta iya sayar da cutar da ba ta faru ba.

Sannan amfanin ba ya tsayawa kan wanda aka yi wa. Ƙyanda ba ta daina yawo a gari sai an yi wa kimanin yara 95 cikin 100 allura. Ɗanka da aka yi wa yana kare jaririn maƙwabcinka da bai kai wata tara ba, maƙwabcin kuma ba zai biya ka ba. Duk abin da kowa ke amfana da shi amma ba wanda za a kama a ce ya biya, kamar magudanar ruwa da dubagari na da, sai dai a biya shi daga asusun kowa. Dubi Ebola a 2014. Mutum ɗaya ya sauka da ita a Legas a watan Yuli. Abin da ya taimaka aka tare ta, baya ga jarumtar Dakta Stella Adadevoh da ta hana shi fita daga asibiti har ita ma ta rasa ranta, shi ne ma'aikata da tsarin bin sawu da aka riga aka gina domin yaƙi da shan-inna. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, zuwa Oktoba an gama. A Gini da Laberiya da Saliyo, inda ba a sami irin wannan shiri ba, mutum fiye da 11,000 suka mutu, kasuwanni da makarantu suka rufe, aka yi asarar biliyoyin daloli. Babu ɗan kasuwar Legas ko Kano da ya biya sisi domin wannan kariya, amma kowa ya ci moriyarta.

To amma kada in bar ka da zaton duk abin da aka liƙa wa sunan riga-kafi riba ne. Wasu masana a Amurka sun yi bitar ɗaruruwan nazarce-nazarce a 2008, suka ga kimanin ɗaya cikin biyar na matakan riga-kafi ne kawai ke rage kashe kuɗi. Sauran suna ƙara lafiya, amma suna ƙara kashewa. Dalilin a fili yake: magani mutum ɗaya kake yi wa, wanda ya kamu, riga-kafi kuwa sai ka bi mutum dubu domin ka tare goma. Idan abin da kake ba kowane ɗaya yana da tsada, ko cutar ba ta da yawa a wurin, lissafin ya juye. Alluran yara da gidan sauro da gishiri mai aidin da awon ciki suna cin riba ne domin suna da araha ƙwarai, cututtukan kuma sun yi mana katutu. Irin gangamin nan kuwa da ɗan siyasa ke shiryawa na kwana biyu, a kafa rumfa a auna hawan jini da suga, a ba kowa maganin mako guda a ɗauki hoto a watse, wannan kuɗi ne aka zuba a rariya. Mai hawan jini yana buƙatar magani kullum har iya rayuwarsa. Idan za a auna shi a sha-ka-tafi na unguwarsu, ya kuma sami ƙwayarsa mai araha duk wata, an tsare shi daga shanyewar ɓarin jiki da wankin ƙoda, wanda ke cinye gida da gona cikin watanni. Idan auna shi kawai aka yi aka sallame shi, an ƙara masa damuwa ne.

Za ka kuma riƙa jin wani adadi a bakin jami'ai: wai kowace dala ɗaya da aka sa a allurar yara tana dawo da 16, ko ma 44. Daga wani nazari na jami'ar Johns Hopkins na 2016 aka samo shi, kan ƙasashe 94 masu ƙaramin ƙarfi. Adadin 16 ya haɗa kuɗin jinyar da aka tsira daga kashewa da aikin da iyaye ba su rasa ba da abin da yaron zai samar idan ya girma. Na 44 ya ƙara da ƙimar da aka yi wa ran da aka ceto. Ba ƙarya ba ne, amma na taɓa ganin an karanta shi a gaban masu riƙe da kuɗin jiha kamar ana musu alkawarin naira 16 za ta shigo asusu baɗi. Ba za ta shigo ba. Yaron da aka yi wa allura bana sai nan da shekara ashirin zai fara noma ko biyan haraji, wa'adin gwamna kuwa shekara huɗu ne. Ga kuma tamowa: binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran Arewa maso Yamma sun tsumbure, kuma yaron da ciwo da yunwa suka tsumburar kafin ya cika shekara biyu yakan sha wuya a karatu, ya girma samunsa ya gaza na tsararsa. Wannan asara ce da ba ta ƙara, ba ta hayaƙi. Asibitin ƙwararru kuwa ana yanka masa ƙyalle a sa a talabijin. Ka ga inda zuciyar ɗan siyasa za ta karkata.

Batun kuɗin kansa, ba su kai yadda kake ji a rediyo ba. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 na kasafinsu. Gwamnatin tarayya ta fi yawan tsayawa a wajen kashi 5, kuma mafi yawansa albashi ne da manyan asibitoci. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar tarayya domin asusun lafiya matakin farko, amma sai a kasafin 2018 aka fara saka shi, naira biliyan 55. Babban kaso na alluran yara da gidan sauro da maganin damina masu tallafi na waje ne suka daɗe suna biya, irin su ƙawancen Gavi mai tallafa wa alluran riga-kafi, da Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, da gwamnatin Amurka. Yarjejeniyar Najeriya da Gavi ta tsara cewa zuwa 2028 mu za mu ɗauki nauyin alluranmu. A 2025 kuma da Amurka ta datse tallafinta ba zato, sai da aka ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya domin toshe giɓin. Wanda ya dogara da tukunyar maƙwabci, ranar da aka sauke ta ba da shawararsa ba ne.

Abin da ya fi cin raina ma ba ƙarancin kuɗin ba ne, lokacin sakinsu ne. Akwai shekarar da muka rubuta takardar neman kason jiha na aikin damina tun watan Afrilu. Fayil ya yi ta hawa da sauka. Kuɗi suka fito a Nuwamba, an gama girbi, hunturu ya fara. A takarda an kashe kashi ɗari bisa ɗari, a gadajen yara kuwa an riga an yi abin da za a yi. Na kuma ziyarci wani ƙaramin asibiti na tarar da firij mai aiki da hasken rana, sabo fil, cike da allurai. Na tambayi incaji yaushe rabonsa da fita rugage da ƙauyukan da ke ƙarƙashinsa. Ya nuna mini babur a jingine ƙarƙashin darbejiya, taya a sace, ya ce wata biyar ba a ba shi kuɗin mai ba, na farko daga albashinsa ya riƙa zubawa har ya gaji. An kashe miliyoyi kan allura da firij, an rasa 'yan dubban da za su kai ta cinyar yaro. Irin wannan ne ya sa Najeriya ke da yara kimanin miliyan biyu da ba a taɓa yi musu allura ko ɗaya ba, adadin da ke sahun gaba a duniya. Sakamakon mun gan shi daga ƙarshen 2022, lokacin da mashaƙo ya ɓarke, Kano ta fi kowa ɗanɗanawa. Riga-kafinsa yana cikin allurar da ake yi kyauta a mako 6 da 10 da 14, maganinsa kuwa mai tsada ne, sai an nemo shi daga waje, ga kuɗin killace marasa lafiya.

Nijar ta nuna fuska biyu na wannan lamari. A 2006 ta mayar da kula da yara 'yan ƙasa da shekara biyar da awon ciki kyauta, ta baza ƙananan ɗakunan shan magani a karkara, ta raba gidan sauro. Mutuwar yara ta sauko daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009, a ƙasar da ke cikin mafi talauci a duniya. Amma gwamnati ta riƙa jinkirta biyan asibitocin kuɗin aikin da suka yi kyauta, bashi ya taru, kantocin magani suka bushe, har kyautar ta koma a rubuta maka takarda ka je ka saya.

A nan ne nake ganin ƙorafinka na gadon asibiti yana da tushe, kuma bai kamata masu irin aikina su yi watsi da shi ba. Mutane suna lura. Uwar da aka ƙwanƙwasa wa ƙofa sau shida a shekara da ɗigon shan-inna kyauta, amma ta kai ɗanta asibiti da zazzaɓi aka ce ta sayo har safar hannu, dole ta ce ruwa ba ya tsami banza. Wannan zargi, haɗe da tabon gwajin maganin Trovan da aka yi kan yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996, yana cikin abin da ya sa aka dakatar da allurar shan-inna a Kano da wasu jihohi a 2003. An dawo da allurar a 2004, amma cutar ta riga ta tsallaka iyaka, ta ci gaba da bazuwa zuwa ƙasashe kusan 20, har Yaman da Indunusiya, kuma sake tare ta ya ci fiye da dala miliyan 500. Sai a 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ainihin nau'in cutar da ake kira na daji, bayan sarakuna da malamai sun shigo cikin aikin, aka kuma fara haɗa ɗigon da sabulu da duba marasa lafiya da ba su magani a wuri ɗaya. Asibitin unguwa da ke da ma'aikaci da magani da ruwa shi ne ke sa uwa ta dawo allura ta biyu da ta uku, shi ya sa ba na raba kuɗin gyara shi da kuɗin riga-kafi.

Idan kana son ka san ko jiharku da gaske take, kada ka tsaya kan adadin da aka karanta ranar gabatar da kasafi. Nemi rahoton aiwatar da kasafi na kowane wata uku, jihohi da yawa suna sa shi a intanet yanzu, ka duba nawa aka saki wa hukumar lafiya matakin farko, kuma a wane wata. Sannan ka leƙa asibitin mazaɓarku ranar allura, ka gaisa da incaji, ka tambaye shi yaushe kuɗin asusun matakin farko suka shigo masa na ƙarshe, da kuma ranar da babur ɗinsa ya fita ƙauye.